Ɗiban Ruwa a Dutsen Maryland

Tun da muka dawo ban samu sakat ba. A coci a tare ni, a shagon da muke sayen doya da manja a Landover a tare ni, har a wurin aiki wata 'yar Kafanchan ta biyo ni ɗakin shan shayi tana tambaya wai da gaske ne saura ƙiris a harbe Baba. Kowa da irin labarin da ya ji. Wani ya ce namun daji ne suka koro mu, wata ta ce 'yan sanda ne suka sauko da mu. To bari in faɗa sau ɗaya yadda abin ya kasance, in huta da maimaici.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Talatu, nas ce ni, ina zaune a Gaithersburg da maigidana da yaranmu. Mu masu jin Hausa na wannan yanki mukan haɗu ƙarshen wata, Kirista da Musulmi, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. A wani zama iyaye suka yi ta kukan cewa yaranmu ba su san komai ba sai waya da kanti, ba su taɓa ganin taurari da kyau ba. Aka ce a kai su su kwana a daji ko da dare ɗaya ne. Da yake ni aka sani da hawan dutse, saboda wata abokiyar aikina ta koya mini, sai aka ɗora mini neman wuri.

Akwai wata hanyar ƙafa da ta bi doron duwatsun gabashin ƙasar nan, tun daga Georgia har Maine, ana ce mata Appalachian. Mai son ya ƙure ta sai ya yi watanni yana tafiya. Mu guntu muke nema, inda yaro zai iya, akwai ruwa, akwai wurin kwana, kuma akwai abin kallon da zai biya wahalar hawa. Na fara gwada wani yanki a Virginia, na wuni ina hawa ina sauka cikin itatuwa, ban ga komai ba sai gwiwoyina da ke rawa. Na je wani dutse a arewa da Frederick, kyau kam akwai, amma mutane kamar kasuwar Taminus ta Jos, kowa da karensa. Daga nan aka kwatanta mini wani yanki a kudancin dutsen da hanyar ta bi a jihar Maryland, wanda ke ƙarewa a kan wani tsauni mai suna Weverton da ke kallon kogin Potomac. Na ce wannan sai na kwana a kai kafin in kai 'ya'yan mutane.

A lokacin Baba yana wurinmu. Mun kawo shi ne daga Filato don a duba masa ido, aikin ya yi kyau, amma zaman gidan bene ya fi masa ciwon idon wahala. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin gonar acca da duwatsu, sai ga shi a kujera yana kallon inda ake ajiye motoci. Kuma tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu wata safiya shekarun baya, muka rasa Mama, Baba ya zama mai ƙarancin magana. Ba ya ba da labarin ranar, mu ma ba ma tambaya. Da ya ga ina haɗa jaka ya tambaye ni ina za ni, na ce dutse. Ya ce ashe akwai dutse a ƙasar nan. Ranar ce na fara ganin ya miƙe daga kujerar nan ba tare da an kira shi cin abinci ba. Maigidana bai so ba, ya ce tsoho ne, ga sanyi ya fara shigowa. Baba ya ce masa ƙafar da ta yi noma ba ta tsoron tudu. Aka bar maganar a nan.

Na zaɓi Laraba da Alhamis a ƙarshen Oktoba, don ranakun hutuna ke nan kuma ba cunkoso. Tunda a wani wuri za mu shiga mu fita a wani, sai na nemi Malam Isufu, wani direban tasi ɗan Maraɗi da ke cikin ƙungiyarmu, ya kai mu ya kuma ɗauko mu. Tun daga Gaithersburg har muka wuce Frederick yana mana tsiya. Ya ce shi ya bar daji ya hau jirgi don ya kwana a ɗaki mai wuta da famfo, ga mu kuma mun sayi jakunkuna masu tsada za mu koma inda ya baro.

“Baba, mi aka yi muku a gida da za ku kwan cikin itace?” in ji shi.

Baba ya yi dariya ya ce ba a yi masa komai ba, abin da ya dame shi ke nan. Suka ci gaba da hira a kan damina da farashin taki kamar sun shekara da sanin juna. Da muka isa bakin hanya Malam Isufu ya ba Baba goro, ya ce gobe bayan azahar zai jira mu a garin Harpers Ferry, in ba mu fito ba shi dai ba zai shiga neman kowa ba.

Hanyar ba ta da allo kowane taku. Farin fenti ake shafawa a jikin itatuwa, kana barin ɗaya kana hango na gaba. Na nuna wa Baba, na ce muddin yana ganin farin nan bai ɓata ba. Ya ce a gida ai ƙafa ce ke yin hanya, ba fenti ba. Takalman da na saya masa sun dame shi, ya ce kamar an ɗaura masa turmi, amma duk da haka ni ke binsa a baya. Ya sari wata sanda daga busasshen reshe, ya riƙa ture ganye da ita yana duba ƙasa, ya ce wannan ƙasa za ta yi dankali in da za a kwashe duwatsun. Ganye duk sun juye ja da rawaya. Ni ina ɗaukar hoto, shi yana tambaya wace cuta ce ta kama itatuwan, da na ce haka suke yi duk shekara kafin sanyi sai ya girgiza kai.

Abin da ya fi ba shi mamaki mutane ne. Wanda zai wuce ka a titin Washington bai dube ka ba, a nan sai ya gaishe ka har ya tsaya ya gaya maka inda laka take. Baba ya ce ashe Bature ma ya iya gaisuwa, daji yake jira.

Da la'asar muka isa masauki. Rumfa ce ta katako, gabanta a buɗe, ba ƙofa ba makulli ba mai gida, duk wanda ya zo ya shimfiɗa kayansa. Akwai dogon ƙarfe a gefe inda ake rataye abinci saboda beyar, wata baƙar dabba mai ƙarfi da ke bin ƙanshi. Ruwa kuma sai an bi wata ƙaramar hanya mai shuɗin fenti, an gangara sosai ta gabas kafin a kai idon ruwan. Na bar Baba yana cire takalma yana hutawa, na sauka ni kaɗai na ɗebo.

Da na dawo na tarar mun yi baƙuwa, ko kuma mu ne baƙinta. Wata Baturiya ce mai furfura, siririya kamar kara, tun bazara take tafe daga Maine ita kaɗai. Ta ce a wannan hanya ba a amfani da sunan yanka, matafiya ne ke raɗa wa juna suna, nata kuma ma'anarsa Cokali, don ta taɓa yar da cokalinta ta yi mako tana cin abinci da tsinke. Da na fassara wa Baba ya ce to ai wannan al'adarmu ce, shi ma yana da aboki da har ya mutu ba wanda ya san sunansa sai Ɗan Gwate. Ta zuba ruwan zafi a cikin wata leda, ta jira, ta ce tuwonta ke nan. Baba ya leƙa ledar ya dube ni, ya ce in ba baiwar Allahn nan abinci. Na dafa mana gwaten acca a ƙaramin risho, na zuba dambun nama a kai. Ta ci har ta suɗe cokalin da ta saya daga baya.

Muna wanke kwanuka ne ta dubi rigar sanyin Baba, wata doguwa mai ruwan ƙasa da maigidana ya ara masa, ta tambaye ni ko muna da wani abu mai launin lemo. Na ce a'a, me ya faru. Ta ce gobe ake buɗe farautar barewa ta 'yan kwanaki, ta masu bindigar ɗuri, kuma dajin da ke gefen hanyar an yarda a yi harbi a cikinsa. Ta ce kan hanyar ba matsala, kada dai mu kauce, kuma kada mu tsorata in mun ji ƙara da sassafe.

Duk binciken da na yi a kan ruwa da nisa da wurin kwana, wannan bai zo mini a rai ba. Baba ba ya kama Turancin Amurka, sai ya tambaye ni me ta ce. Na dube shi, yana zaune a bakin rumfa yana tauna goron Malam Isufu, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba. Na san in na ambaci bindiga ba zai runtsa ba. Sai na ce masa ta ce gobe za a yi sanyi. Na ƙudura a raina da safe, in ya sha abu mai zafi, zan zaunar da shi in yi masa bayani a tsanake.

Gari na fara wayewa na farka. Baba yana barci a cikin bargon nan da ake shiga kamar buhu, ya rufe har kai. Ruwanmu ya ƙare, kuma ina so ya tashi ya tarar da kunu. Na ce kafin ya motsa na je na dawo. Na ɗauki gorunan roba na bi shuɗin fenti.

Gangaren ya fi yadda na tuna tsawo, ga raɓa ta jiƙa ganye, sai a hankali. Na kai, na durƙusa ina tara ruwa, sai na ji ƙarar. Ba irin tas-tas ɗin nan ba ce, wata ƙara ce mai nauyi, dum, ta daki dutse ta dawo. Ko da na san mene ne, sai da gorar ta kuɓuce mini. Can kuma wata ta biyo daga nesa. A nan durƙushe a bakin ruwa wani abu ya faɗo mini a rai. Ranar da aka shiga ƙauyenmu, Mama rafi ta tafi da asuba. A hanyar rafin aka same ta.

Ban san yadda na hau tudun nan ba. Na bar gora ɗaya a can. Da na iso rumfa numfashina kamar zai tsage ƙirjina, na ga bargon Baba a yashe, takalmansa a inda ya ajiye su jiya, sandarsa babu. Cokali tana tsaye a bayan rumfa tana kallon yamma. Ta ce ƙarar farko ce ta tashe shi, ya dubi shimfiɗata ya ga ba kowa, ya kira wani suna, ta ɗauka nawa ne. Ta yi ƙoƙarin nuna masa hanyar ruwa, bai ko kalle ta ba, ya ɗauki sanda ya tsallaka hanya ya gangara ta inda ƙarar ta fito. Da safa kawai a ƙafarsa.

Wato ni ina gabas, shi ya nufi yamma, cikin dajin maharba, sanye da riga mai launin barewa.

Na duba waya, ba sabis. Cokali ta cire hularta mai launin lemo ta ɗora mini a kai, ta ce ita za ta tsaya a kan hanya tana busa usur don in san inda zan dawo, ni kuma in yi ta magana da ƙarfi yadda kowa zai san mutum ne. Na tsallaka farin fenti na shiga.

A wannan gefen ba hanya, duwatsu ne a ƙarƙashin ganye, ka taka nan ya riƙe ka, ka taka can ƙafarka ta zurma. Ina kira, Baba, Baba, ni ce Talatu, ina nan lafiya. Ba amsa. Na kira da yarenmu, shiru. Daga baya na gane ko ya ji ba zai amsa ba, domin a inda ya koyi wannan darasi, mai amsa kira shi ake fara samu. Ƙarar usur ɗin Cokali ta yi ta raguwa a bayana har na fara jin ta kamar kukan tsuntsu. Sai na ga safa ɗaya maƙale a jikin ƙaya, da ɗan jini a kan dutsen da ke gaba. Na daina kira ba da niyya ba, muryar ce ta ƙi fita.

Na zagaya wani babban dutse, ƙasa ta buɗe a gabana kamar kwari. Abin da na fara gani ɗigon launin lemo ne can ƙasa. Mutum ne zaune a gindin itace, da riga mai ƙyalli, bindiga a kan cinyarsa. Sannan na ga Baba. Yana tsakanina da mutumin, ya fi kusa da shi, a duƙe, yana rarrafe daga dutse zuwa dutse da sandarsa a hannu. Ba gudu yake ba. Lallaɓa mutumin yake.

Na tsaya cak. In na yi ihu, mai bindiga zai iya firgita. In na yi shiru, Baba zai kai gare shi, kuma na san abin da yake niyyar yi da sandar nan. Ina cikin wannan sai busasshen reshe ya karye a ƙarƙashin gwiwar Baba. Mutumin ya juyo da kansa a hankali. Na ga ya ɗaga bindigar ya kai kafaɗa, bakinta na bin inda ganye ke motsi.

Muryar da ta ƙi fita ɗazu ta fito da kanta. Da Turanci na yi, na ce mutum ne, mutum ne, kada ka harba, mahaifina ne. Na cire hular ina kaɗawa sama ina gangarowa, ina faɗuwa ina tashi.

Baba ya miƙe tsaye. Ya waiwayo ya gan ni a fili, ba abin da ya kare ni, ina ta ihu. Ban taɓa sanin tsoho zai iya gudu haka a kan duwatsu ba. Ya hauro ya cim mini, ya ture ni ƙasa da ƙarfin da ya sa haƙarƙarina ya bugi dutse, sannan ya juya ya tsaya a gabana, ya ware hannuwa, yana fuskantar mai bindigar.

“Ga ni nan,” in ji shi da Hausa, muryarsa ba ta ko rawa. “Ka bar yarinyar.”

Mutumin ya riga ya sauke bindigar. Ya kwantar da ita a kan ganye, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya matsa gefe. Na riƙe ƙafar wandon Baba ina ce masa maharbi ne, barewa yake nema, gwamnati ce ta ba su izini, tun jiya aka gaya mini. Sai da na faɗa sau da yawa kafin hannuwansa su fara sauka. Ya dube ni, ya taɓa fuskata, ya taɓa kafaɗata kamar mai ƙirga gaɓoɓi, sannan ya zauna a ƙasa.

Maharbin ya hauro wurinmu ba tare da bindigar ba. Wani ƙaton Bature ne mai farin gemu, fuskarsa ta yi ja. Da faɗa ya fara, yana tambaya me ya kawo mu nan, wa ke yawo da irin wannan riga a ranar buɗe farauta, mun san abin da ya kusa faruwa kuwa. Yana cikin faɗan ya dubi ƙafafun Baba, ɗaya da safa ɗaya babu, duk jini. Ya nemi dutse ya zauna, ya ciro gorar shayinsa. Ya ce shi ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya ga dabba ƙuru-ƙuru, haka mahaifinsa ya koya masa, amma ya ga launin, ya kuma ga motsin, kuma zuciyarsa ta riga ta ce barewa ce.

Na gaya masa a taƙaice daga inda Baba ya fito da abin da ƙarar bindiga da sassafe take nufi a wurinsa. Ya zuba shayin a murfin gorar ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa. Da ya kurɓa sai ya ce in tambaye shi ko ya samu naman. Mutumin ya ce a'a, harbin farko ya kuskure, yanzu kuma duk barewar da ke dutsen nan ta san muna nan. Baba ya ce in ba shi haƙuri, mun ɓata masa farauta.

Ya ciro wata rigar lemo daga jakarsa ya sa wa Baba da kansa, ya kama shi ta hannu ɗaya ni ta ɗaya, muka bi ƙarar usur muka hau. Cokali ba ta daina busawa ba sai da ta gan mu, leɓunanta har sun bushe. A bakin farin fenti maharbin ya tsaya, ya ce daga nan ba zai wuce ba, bindigarsa na ƙasa. Na ce rigar fa. Ya ce ta Baba ce.

A rumfa na wanke ƙafafun da sauran ruwan da na hauro da shi. Yankan tafin ƙafar hagu ya yi zurfi amma bai kai a ɗinke ba. Na sa magani na naɗe. Ina yi ina jiran ya yi mini faɗa a kan abin da na ɓoye masa, bai yi ba. Abin da ya ce kawai, in sake jin irin wannan magana in gaya masa, shi ba yaro ba ne. Na ce to, Baba. Na kuma ce in mun samu sabis zan kira Malam Isufu ya zo inda ya ajiye mu jiya, mu koma gida. Ya ce wace hanya ce ta fi kusa da abin da na kawo shi ya gani. Na ce gaba. Ya jawo takalman da ya ƙi jinin nan ya fara sawa.

Tafiyar ta yi mana tsawo. Yana ɗingishi, ni kuma haƙarƙarina na suka duk numfashi. Cokali, wadda ta saba yin nisa kafin hantsi, ta rage sauri ta bi mu a baya ba ta ce don mu take yi ba. Sau biyu muka sake jin harbi daga nesa. Duk lokacin sai Baba ya tsaya, kafaɗunsa su ɗaga, ya waiwayo ya tabbatar ina nan, sannan ya ci gaba.

Wajen tsakar rana muka fito kan tsaunin. Itatuwa suka ƙare kwatsam, sai sarari. Kogin yana can ƙasa, faffaɗa, yana tafiya tsakanin duwatsu masu ja da rawaya, ga jirgin ƙasa mai dogon jiki yana bin gefensa kamar shanshani. Cokali ta yi mana sallama a nan, ta ce Georgia na jiranta. Muka zauna mu biyu a kan dutse, na ba shi ƙuli-ƙuli ya riƙe a hannu bai ci ba.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya fara magana. Ya ce ranar nan da ya ji harbi, jikokinsa uku na ɗakin, 'ya'yan yayana. Ya goya ɗaya, ya kama biyu, ya hau dutsen bayan gida da su. Ya ce daga saman yana hango hanyar rafi. Yaran suna riƙe da shi, in ya motsa su yi kuka, in suka yi kuka a ji su.

“Ban sauka ba, Talatu,” in ji shi. “Ina ganin hanyar, ban sauka ba.”

Na ce Baba, ai yaran nan uku suna raye, babbar har ta shiga sakandare. Ya ce ya sani, kullum yana gaya wa kansa haka. Ya share fuska da bakin rigar lemon nan.

“Yau dai na sauka,” ya ce.

Na jingina da kafaɗarsa muka zauna har jirgin ya ɓace.

Daga nan gangara ce har bakin kogi, sai wata shimfiɗaɗɗiyar hanya a gefen tsohuwar magudanar ruwa, wadda ta yi wa ƙafarsa sauƙi. A ƙarshenta akwai gadar ƙafa manne da ta jirgin ƙasa. A tsakiyarta na ce masa mun bar jihar Maryland, muna shiga West Virginia, waccan gaɓar kuma Virginia ce. Ya duba gaba ya duba baya, ya ce ina shingen, ina masu duba kaya. Na ce babu. Ya ce jiha uku a wuri ɗaya ba ko mai tambayar me ka ɗauko, lallai mutanen nan ba su san daɗin aiki ba. Dariyar da na yi ta sa haƙarƙarina ya tuna mini da kansa.

Malam Isufu yana jingine da motarsa, ya idar da salla yana naɗe darduma. Da ya hango Baba cikin rigar lemo ya fara tsokana, wai an ba tsoho aikin gyaran titi ne. Sai ya lura da ɗingishin da fuskata, ya haɗiye sauran maganar. Ya buɗe wa Baba gidan gaba, ya tura kujerar baya don ya miƙe ƙafa, ya kunna na'urar ɗumama mota. Har muka wuce Frederick bai tambayi komai ba. Baba ne da kansa ya ba shi labari, daga farko har ƙarshe, har da na ƙauye, wanda mu 'ya'yansa muka yi shekaru ba mu ji ba. Malam Isufu yana tuƙi yana cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya kyauta.

To ga masu tambaya ko na samo wurin, na samo. Ruwa akwai, rumfa akwai, hawan bai fi ƙarfin yaro ɗan firamare ba, kuma abin da ke kan tsaunin nan ya isa a sha wahala dominsa. Amma ba za mu je da kaka ba. Sai bazara, kuma sai na kira ofishin masu kula da dajin na tabbatar ba ranar farautar komai ba ce, kowane yaro kuma da hular lemo a kansa ko ana harbi ko ba a yi.

Baba ya ɗaga komawarsa gida zuwa bayan tafiyar yaran. Da na karanta masa yadda na raba aiki, wane zai riƙe yara, wane zai dafa abinci, ya saurara har na gama. Sannan ya ce in bar kowa a inda na sa shi, amma ɗiban ruwa da safe, nasa ne.